Nauyin Dela

Shekara sittin da bakwai Dela ta yi a duniya ba a taɓa ɗora ta a kan sikeli ba. Ko a asibiti, lokacin da gwiwa ta dame ta, da ma'aikaciya ta nuna mata sikeli cewa ta yi, "Ƙafa na kawo a duba, ban kawo kaina sayarwa ba." Ita ce mai kai gyaɗa kasuwa a auna, ita ce mai tsayawa a kan mai awo tana zare masa ido. Sai ga shi ranar wata Laraba, rana tsaka, a gaban matan Roni sun fi goma, an ce ta cire takalmi ta hau. Duk wanda ya ce abin dariya ne, a kai tasa uwar a auna ya ji.

Ga yadda aka yi. Dela tana da jika, Ikilima, wadda ta tafi birni koyon tuƙin jirgin sama. Cikin bazarar nan makarantarsu ta turo ta tare da malaminta, Kyaftin Musaddiƙ, a wani ɗan ƙaramin jirgi mai kujera huɗu, su yi kwana uku tana koyon tashi da sauka a gajeren fili. Filin na wata babbar gona ce tsakanin Roni da Kazaure, jar ƙasa ce aka daɓe tun lokacin da ake yi wa gonar feshi da jirgi, a ƙarshensa na gabas kuma ga giginyu uku a tsaye kamar masu jiran gaisuwa. Ikilima ta roƙi malaminta a ɗauki kakarta a kujerar baya a zaga da ita bisa gari ko da sau ɗaya ne. Ya ce to.

Dela ba ta gaya wa kowa ba. Matan layinsu kawai ta gaya wa, sai na gidan suna, sai mai injin markaɗe, sai wata mata 'yar garin Gwiwa da ta tsaya tambayar hanya. Ta kuma yi gargaɗi cewa duk wadda ta san tsakar gidanta ba shara ta tashi ta share, don daga sama babu katanga.

Mutum ɗaya ne bai yarda ba, Ɗayyabu mai sikelin gyaɗa a kasuwa, taubashinta, wanda tun suna yara bai taɓa barin ta ta wuce lafiya ba.

"Jirgin da zai ɗauke ki, Dela, sai na Makka," ya ce. "Shi ma sai an cire kujeru."

"Kai dai ka tanadi wuyanka," ta ce, "don ɗaga kai za ka yi ka kalle ni, abin da ka ƙi yi shekara sittin."

Ikilima ta ce mata ta zo da wuri. To amma mutum ba ya zuwa wurin malamin jikarsa hannu rabbana. Kafin ta gama suyar ƙuli-ƙuli, ta tace mai ta cika jarka, ta ɗaure zabi biyu, ta yi wanka ta ɗaura atamfar da ta ajiye don bikin Ikilimar da ba a yi ba tukuna, an kira azahar. Ƙarfe biyu ta wuce adaidaita sahu uku suka sauke su a bakin fili, ita da kayanta da 'yan rakiya. Zafin ranar irin wanda ƙadangare ke ɗaga ƙafa ne. Can nesa jar ƙasar tana rawa kamar an zuba mata ruwa.

Kyaftin Musaddiƙ ya taho da fara'a, dogo, farar riga, ciki ya riga shi isowa. Ya rusuna ya gaishe ta, ya ce, "Baba, sannu da hanya." Har nan babu laifi. Sai ya ajiye wani ɗan faifan ƙarfe a ƙasa ya ce ta cire takalmi ta hau. Ta ɗauka wata al'ada ce ta masu jirgi, kamar yadda ake cire takalmi a shiga masallaci. Ta hau. Ya sunkuya ya leƙa tsakanin ƙafafunta, ya ɗago, ya ɗaga murya yadda Ikilima za ta ji daga gindin jirgi.

"Ɗari da huɗu!"

Sai wata daga baya ta ce, "Buhu guda ke nan har da tiya." Dariya ta fashe kamar an kwance awaki.

Ikilima ta rubuta. Aka auna ƙuli da mai da zabi, ta rubuta. Ta buɗe wani littafi mai layi-layi, ta bi da yatsa, ta dubi giginyun nan, ta dubi wani dogon ƙyalle ja da fari da aka rataya a kan sanda kamar ƙafar wando, yana lilo ba rai. Ta sake bi da yatsa. Sannan ta zo ta durƙusa a gaban kakarta, gumi na ɗiga daga haɓarta.

"Kaka, yau ba za ta yiwu ba."

"Me ba zai yiwu ba?"

"Tashin. Iska ta yi zafi, ba ta da ƙarfin ɗaukar mu duka."

"Iskar wa? Ke, ni za ki kawo wa zancen iskoki? Na yi alwala na fito."

Ba a ɗauke ta ba. Tana tsaye da atamfarta ta ga Ikilima ta shiga, ta ga Kyaftin ya kama ƙarfen fiffike ya ja jikinsa ya shiga, jirgin ya yi wani ɗan lotsawa ta ɓangarensa kamar jakin da aka ɗora wa mangala gefe guda. Suka yi gudu, suka yi gudu, suka yi gudu, har Dela ta ce a ranta waɗannan Kazaure za su ta ƙasa, sannan jirgin ya ɗaga da ƙyar ya wuce kan giginyu.

Kafin la'asar sunan ya riga ta isa gida. Yaran layi suna tsalle suna "Ɗari-da-huɗu ta dawo!" Mai markaɗe ya tambaye ta ko sama da sanyi. Dela ta san garinta. Akwai matar da akuya ta ture a kasuwa tun zamanin da ake kashe sule, har ta rasu ana ce mata Ta-akuya, jikokinta ma jikokin Ta-akuya ake ce musu. In ba ta hau jirgin nan ba kafin ya bar ƙasar, da Ɗari-da-huɗu za a yi mata salla.

Bayan magariba Ikilima ta zo. Ta yi sallama sau uku kafin a amsa.

"Shigo, matuƙiya. Kin zo auna tuwon ne?"

"Kaka, don Allah ki saurare ni."

"Shi ya sa ki, ko? Wancan mai cikin. Ya ga tsohuwar ƙauye ya ce bari ya yi wasan kwaikwayo da ita."

"Wallahi ni ce na yi lissafin. Shi bai ce komai ba."

Dela ta ajiye muciya. Wannan ta fi zafi. Amma ita mace ce da ba ta barin magana a rufe, ko da a kanta za ta fashe. Ta ce, "To bayyana mini. Da Hausa. In kika sa mini Turanci ko ɗaya sai na kwaɗa miki muciyar nan."

Ikilima ta gyara zama. "Kaka, yaushe kike shiƙar gero?"

"Da safe mana, ko da yamma in iska ta taso. Wace mahaukaciya ce ke shiƙa da rana tsaka? Iskar rana ai fanko ce, ƙaiƙayi ma a ƙafarki zai zubo."

"To ita ce maganar. Jirgi a kan iska yake hawa. In ta yi sanyi tana da kauri, fiffike ya samu abin takawa, inji ya samu abin shaƙa. In ta yi zafi sai ta tsinke kamar kunun da aka cika wa ruwa. Sai jirgi ya yi ta gudu a ƙasa yana neman abin da zai taka."

"Na gani da idona. Kamar zakaran da ya ƙoshi."

"Ga shi filin ƙasa ne, ba kwalta ba, yana riƙe taya. Ga shi gajere, ga giginyu a gaba. Ga shi mun cika tanki da mai da tsakar rana, shi ma nauyi ne. Iskar kuma ta kwanta, babu wadda za ta bugo mu ta gaba ta taimaka. Da na haɗa duka, da ke da ƙuli da zabi, littafi ya ce filin zai ƙare ba mu wuce kan giginya ba. Kaka, da in kai ki cikin giginya gara ki yi fushi da ni shekara."

Maganar ta shigi Dela, don ba ta ƙin gaskiya in an kawo ta da hannu biyu. Amma wani abu yana mata ƙaiƙayi a rai tun da rana.

"Ke nawa aka rubuta miki?"

"Hamsin da shida."

"Ba kya cin abinci. Shi fa?"

"Casa'in."

"Casa'in." Dela ta maimaita a hankali. "Wa ya auna shi?"

"Shi ya faɗa."

"Da baki?"

"Ai malamina ne, Kaka. Kullum casa'in muke rubutawa."

Dela ta miƙe tsaye, gwiwar ma ta manta da ciwo. Shekara arba'in tana kallon buhu ta faɗi nauyinsa kafin a rataya shi, ba ta taɓa kuskure da ya wuce tiya ɗaya ba. Ta ga yadda jirgin nan ya lotsa. Ta yafa mayafi.

"Kaka, ina za ki?"

"Gidan Ɗayyabu. Ci tuwonki."

Washegari ana sallame asuba adaidaita sahu biyar suka kama hanyar gona. Labari ya zaga cewa Dela za ta kai ƙara, ba wanda ya san gaban wa. A ta gaba Dela ce, kusa da ita Ɗayyabu rungume da sikelinsa na rataye, mai ƙugiya da fuska kamar agogo, da igiya da wani tsohon buhun algarara. Tun da ta gaya masa abin da za a auna yake dariya, har direba ya tambaya ko lafiya.

Gari ya yi sanyi mai daɗi, irin na safiyar bazara da ba ya daɗewa. Kyaftin yana zaga jirgi yana shan shayi. Da ya ga taron ya ajiye kofi ya rusuna.

"Baba, ina kwana. Jiya ba mu ji daɗin yadda..."

"Riƙe gaisuwarka, ɗan nan, za ka buƙace ta an jima. Tambaya na zo yi. Me kake koya wa yarinyar nan a kan nauyi?"

Ya yi murmushi, ya dubi matan, ya ga wurin yin wa'azi ya samu. "Baba, kullum ina gaya mata, kada ta yarda da bakin fasinja, ta yarda da sikeli. Jiya ma da gangan na yi shiru. Na so in gani ko jin nauyinki zai hana ta faɗin nauyinki. Matuƙin da ke jin kunyar fasinja shi ke kashe fasinja. Kuma ta ci jarrabawar."

"Madalla. Maimaita ta farkon, matan baya ba su ji ba."

"Kada ta yarda da baki, ta yarda da sikeli."

"To kai wa ya auna ka?"

Ikilima ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta, kafaɗunta suna rawa.

"Ni ai... casa'in ne, Baba. An sani."

"Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ɗayyabu, rataya."

Akwai wata bishiyar maina a bakin fili. Kafin Kyaftin ya gama cewa ai ga sikelin makaranta nan, Ɗayyabu ya jefa igiya a reshe, ya rataya sikeli, ya saƙala buhu a ƙugiya ya yi masa kamar lilo.

"Wancan sikelin gidanku ne," Dela ta ce, "ya san mai ba shi abinci. Wannan kuwa shekara talatin ina zaginsa bai taɓa canza magana ba."

"Yallaɓai, bismilla," in ji Ɗayyabu, yana kakkaɓe buhun da hularsa. "Ba ya cizo. Buhunan Babura ma sun hau sun sauka lafiya."

A nan dai a faɗi gaskiya, mutumin ɗan halak ne. Ya dubi Dela, ya dubi ɗalibarsa, ya tuntsire da dariya, ya cire takalmi da kansa. Ya juya baya ya zauna cikin buhun, ya ɗaga ƙafafu. Reshen maina ya yi ƙara. Kyaftin guda, da farar riga da zinariya a kafaɗa, yana lilo a buhun gyaɗa yana juyawa a hankali kamar tulun da aka rataya. Allurar sikeli ta tashi da gudu, ta wuce casa'in ko sallama ba ta yi ba.

Ɗayyabu ya kanne ido ɗaya. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. Ya ja numfashi ya yi irin kiran da yake yi a kasuwa.

"Ɗari da biyaaar!"

Guɗa ta tashi. Wata ta faɗi zaune don dariya, wata ta cire ɗankwali tana kaɗawa. Dela ba ta yi dariya ba tukuna. Ta ce a kawo sikelin makarantar ma, don kada a ce an yi zalunci. Ya hau. Ɗari da biyar, har da ɗan ɗori.

"Tuwon shinkafar matata ne," Kyaftin ya ce yana share hawaye. "Baba, na amsa laifina. Ikilima, goge casa'in ɗin nan. Jiya da rana da ƙarya muka tashi, shi ya sa giginya ta matso kusa haka. Ki rubuta wannan a littafinki, ki rubuta da sunana."

"Ba rubutu na zo nema ba," Dela ta ce. "A gaban matan nan ka kira nauyina. A gabansu za ka ɗauke ni."

"Ba ni ke da iko ba yau. Ga matuƙiya nan. In lissafi ya ce a'a, ko ni sai in sauka."

"Ai da ma kai ya kamata ka sauka."

Ikilima ta riga ta buɗe littafi. Wannan karon da ƙarfi take lissafin, kowa yana ji. Nauyin gaskiya na mutum uku. Man jirgi rabin tanki, don ba su ƙara ba tun jiya. Ƙuli da man gyaɗa da zabi su zauna a ƙasa, Kyaftin ya aika a kai masa gida a mota, in ma ya ga dama ya bar ƙulin. Sanyin safiya yana nan, amma in rana ta ɗaga kamu biyu ya tafi. Saura iska. Ta ɗaga kai ta dubi ƙafar wandon nan, sai ta ga ya nannaɗe a jikin sandarsa ya ƙi magana.

"Bari a je a warware shi," ta ce.

"Kafin a je a dawo rana ta fito," in ji Dela. Ta sunkuya ta damƙi busasshiyar ciyawa, ta murtsuke ta a tafi, ta ɗaga hannu sama ta saki kamar mai shiƙa. Ƙaiƙayin ya tafi gabas, tiryan-tiryan, wajen giginyu. "Daga yamma take. Mai kauri ce, ta kai a sheƙe dami goma."

Ikilima ma ta damƙa ta saki, ta ga haka ne. Ta bi layi da yatsa, ta sake bi, ta miƙa wa Kyaftin ya duba. Fuskarta ta washe.

"Yamma za mu fuskanta, mu ba giginyu baya, iska ta bugo mu a goshi. Filin ya isa har da saura mai yawa. Kaka, cire mayafin ki ɗaura a ƙugu, ki zo."

Shigar da Dela kujerar baya aiki ne na mutum uku, Ɗayyabu yana daga gefe yana ba da shawarar a shafa mata man gyaɗar. Aka ɗaure ta da ɗamara, aka kifa mata wani abu a kunnuwa, sai ta ji muryar jikarta a tsakiyar kanta tana bismilla. Farfela ta juya. Jirgin ya gangara har gindin giginyu, ya juyo ya ba su baya. Ikilima ta taka birki, ta tura wani maɓalli har ƙarshe, inji ya yi ruri, duk jikin Dela yana kaɗawa kamar rariya. Ta saki.

Dela ta fara salati. Ta shirya yin dogo, irin gudun jiya. Ba ta kai rabi ba ta ji ƙugin ƙasa ya ɗauke daga ƙarƙashinta, cikinta ya faɗa wani rami, bishiyar maina ta koma kamar tsintsiya, matan Roni suka zama barkonon da aka shanya.

"Wayyo! Ke! Ikilima! Mun tashi?"

"Mun tashi, Kaka."

"Da ni a ciki?"

"Da ke, da Kyaftin."

Sai dariyar da ta riƙe tun safe ta ƙwace. Ta yi ta yi har abin kunnen ya zame. Ga duwatsun Kazaure can kamar an zubar da curin dawo, ga ruwan dam yana walƙiya, ga hanya kamar zare da adaidaita sahu na tafiya kamar ƙwaro. Da suka karkato bisa Roni ta manna goshi a gilashi ta fara aiki.

"Ga gidan mai markaɗe! Dubi bayan gidan, ƙazami! Waccan tsakar gidan ta Nafisat ce, na ce ta share ba ta share ba. Ke, sauko kaɗan in ga ko akuyata ce a gonar mutane."

"Ba a sauka ƙasa da haka, Kaka."

"To ɗan nan, matsa da kanka, ka tare mini rabin gari."

Da suka sauka Ɗayyabu yana tsaye a inda suka bar shi, hannu a ƙeya, wuya ya ƙage. Dela ta fito da baya, ta taka ƙasa, ta gyara ɗauri, ta tako a hankali kamar wadda ta saba.

"Yaya wuyan?" ta ce.

"Da sauƙi, Hajiyar sama."

Ta ji sunan, ta auna shi a ranta, ta ga bai yi mata nauyi ba. Can bayanta kuwa matan sun kewaye jirgi, wata tana ɗaga murya tana cewa, "Ɗari-da-biyar, don Allah mu ma a zaga da mu!" Kyaftin Musaddiƙ, bawan Allah, har ya juya ya amsa.